Buhunan da Kawu Arzika Ya Gyara

Daga Filingue zuwa Baleyara ban lissafa ta cikin tafiya ba, don ko jakin gidanmu ya san wannan hanyar. Yamai ma na taɓa zuwa rakiyar mara lafiya. Sai da muka tsaya a bakin kogi muna jiran jirgin fito, na ga an ɗora mota da mutanenta a kan ruwa, sannan na san mun bar gida. Mu biyu ne, ni da Kawu Arzika, wan mahaifiyata, sai tabarma ɗaya da ƙunshin gumba.

Shekarar ce soja suka sake karɓe mulki a Yamai, damina kuma ta yi mana rowa, rumbunan ƙasarmu ta Kurfey suka koma ɗakin kwanan ɓeraye. Samari duk sun watse cin rani. Aka yi ta labarin wai a ƙasar Burkina, bayan Dori, zinariya ta fito har yara na tsinta a ƙasa. Ni dai ƙuruciya ce ta ja ni. Kawu kuwa ya manyanta, kuma ba mutumin yawo ba ne. Ma'aunin hatsi ne a kasuwar Filingue tun ban san kaina ba. In Arzika ya auna maka, ba ka sake aunawa a gida. In ya cusa hannu cikin buhu ya ce akwai rairayi a gindi, mai buhun sai ya sunkuyar da kai ya bar kasuwa. Ba shi da shanu, ba shi da gidan kwano, wannan sunan kaɗai ya tara a duniya. To amma ma'auni me zai auna in babu hatsi? Abin da innata ta ce mini ke nan da za mu fito: "Illa, ko ba ku samo komi ba, ka maido mani shi da mutuncinai." Na ce to, kamar an aike ni sayen gishiri.

A Tera aka fara koya mana karatu. Kawu ba shi da katin shaida, bai taɓa ganin amfaninsa ba tunda kowa ya san shi. A tasha wani mutum mai tsabtar riga ya ji muna shawara, ya matso ya yi mana fofo, gaisuwar Zabarmawa, ya ce shi ma yana da dangi a Damana, can wajenmu. Ya ce ya san hanyar ƙafa da ke kewaye jandarmomin iyaka. Muka ba shi abin da ya nema, muka bi shi a mota har ƙauyen ƙarshe. Da muka sauka ya karɓi ƙunshin gumbarmu ya ɗora a kai, wai bai kamata dattijo ya ɗauki kaya yana nan ba. Kawu har albarka ya sa masa. Muka yi ta ratsa ƙaya tun hantsi har rana ta take tsaka, ya zaunar da mu a gindin wata aduwa, ya ce bari ya leƙa gaba ya ga ko hanya lafiya. Ina jin har yau yana can yana leƙawa.

Da la'asar muka tashi muka bi sawun shanu. Muka iske wata Bafillatana a bakin bukka. Kawu ya yi mata sallama da Zabarmanci, ya tambaye ta nan wace ƙasa ce, Nijar ko Burkina. Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce ita dai ta san nan ne shanun mijinta ke kwana. Ta shiga ta fito da ƙwarya cike da kindirmo, ta tsaya a kanmu har muka shanye, ta ƙi karɓar komai. Da na ji nono ya sauka cikina sai hawaye suka zo mini, na juya baya wai ina gyara takalmi. Washegari mijinta ya raka mu har kan hanyar mota. A bakin wani direba muka ji cewa tun jiya muna cikin Burkina.

A Dori na gane baƙo makaho ne ko da yana da ido. Duk wanda muka tambaya ina zinariya take sai ya nuna mana wata kusurwa dabam, wani ya ce gabas, wani ya ce kudu, wani tela kuma ya ce mu koma gida tun ƙafafunmu na ɗaukarmu. Shi ne ya bar mu muka kwana a shagonsa, kuma shi kaɗai ne ba mu ji maganarsa ba.

Wurin da ake ta labari, da muka je, ban ga yaro ko ɗaya yana tsintar komai ba. Ramuka ne birjik kamar rijiyoyi, mutane na shiga da fitila ɗaure a goshi, suna fitowa fari fat. Kawu ya leƙa ɗaya ya ce shi ba zai shiga kabarinsa da ƙafarsa ba. Muka samu aikin daka. Ana ba mu dutse mu daka a turmin ƙarfe har ya zama gari, mata su wanke. Ni da ban taɓa riƙe taɓarya a gida ba don kada a yi mini dariya, ga ni ina daka daga safe har magariba. Ba mu daɗe ba. Ranar da mai sayen zinariya ya zo da ɗan sikelinsa, Kawu ya tsaya yana kallo, can sai ya ce da ƙarfi, a gaban kowa, mutumin nan yana danne sikeli da ɗan yatsa. Na ja masa riga, ina! Ya maimaita da Zabarmanci don wanda bai ji ba ya ji. Kafin azahar an watso mana tabarmarmu waje, cikin turereniya kuma taɓaryar ƙarfe ta faɗo wa Kawu a ƙafa.

A bakin hanya muka zauna, ƙafar ta kumbura, ni kuwa ina ta yi masa faɗan da bai kamata ɗa ya yi wa kawunsa ba.

"Kawu, nan hwa ba Hilingue ba ta. Ina ruwanka da sikelin mutane?"

"Yo in gani in yi kurum? Kai dai lakwal ta ɓata ka."

Lakwal ɗin da yake yi mini gori a kai, wato makarantar boko, ko satifika ban kai ba aka sallame ni. Faransancin da na tsira da shi bai wuce na gaisuwa da roƙon ruwa ba.

Muna cikin haka wata farar mota ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Wani siririn mutum mai tabarau ya leƙo ya ce, "Hausa nake ji ko kunnena ne?" Shi ne Mushe Salifu, wato Malam Salifu a bakin masu Faransanci. Ɗan ƙasar ne, amma uwarsa Bahaushiya ce ta zangon Dori, ya ce rabonsa da jin faɗa mai daɗi haka tun rasuwarta. Ya sauko ya duba ƙafar Kawu, ya wanke ta da ruwan shansa, ya ɗaure da ƙyalle. Ya ce yana aiki da wani kamfani na masu binciken ƙasa, kuma suna neman leburori, sai muka shiga motar. Tun daga ranar Baba yake ce wa Kawu.

Sansaninsu a gindin wani tudu yake, tantuna ne da ɗakin kwano ɗaya. Babbansu Anasara ne, dogo, kullum da ƴar guduma a ƙugu, shi ya sa leburori ke ce masa Ɗan Guduma. Ranar farko na ga ya fasa dutse, ya kai baki ya lasa, sannan ya ƙura masa ido ta wani ɗan madubi. Na taɓa Kawu na ce mun faɗo hannun mahaukaci. Salifu ya ce ba ɗanɗano yake ji ba, jiƙa dutsen yake don launinsa ya fito. Na ce to ai ga ruwa a buta. Ya yi dariya ya wuce.

Aikin kansa ya fi lasar dutsen ɗaure kai. A jikin tudun akwai farin dutse da ya ratsa baƙi, ya miƙe kamar jijiya a bayan hannu, su ma jijiya suke ce masa. Salifu ya ce zinariya a cikinta take, baƙin zanen da ke jikinta kuma shi ke tafe da azurfa. Sai a sa mu haƙa dogon rami mu gitta jijiyar, mu share da tsintsiya, mu wanke dutse da ruwan da mu kanmu ba mu ƙoshi da shi ba. Ɗan Guduma ya zo ya ja layi biyu da jan fenti. Mu bi tsakanin layin da guduma da ƙarfe mai baki muna sara, ɓarɓashin na zuba a kan tamfol. Duk abin da ya zuba, fari da baƙi, mai ƙyalli da marar ƙyalli, a juye a ɗan buhu, a sa lamba, a ɗaure. In ka hango dutse mai ɗigon zinariya a gefen layi ka kai hannu, sai ka ji tsawa. Ni dai na kasa ganewa. A can ramuka mutane na mutuwa a kan ƙwayar da ba ta kai ta hatsi ba, nan kuwa ga masu neman zinariya da mota da inji, sun gan ta da ido sun ce a bar ta. Buhunan in sun taru sai mota ta kwashe su zuwa Wagadugu, wani wuri da ake ce wa labo, inda ake niƙa su a ƙona, a faɗi abin da ke cikin kowane buhu.

Na taɓa tambayar Salifu yaushe za mu fara haƙar zinariyar ta gaske. Ya ce wataƙila bayan ya yi furfura, wataƙila kuma har abada, su nasu tambayar ƙasa ce kawai, in amsar ba ta yi ba su naɗe tanti su yi gaba. Na ce ashe duk wannan gumin na tambaya ne. Ya ce e. Na koma rami ina sara ina tsaki.

Kawu ne ya ji daɗin aikin. Ya ce, "Wanga shi na awo na gaskiya. Ba a zaɓe, ba a ɗora mai kyau bisa a ɓoye mugu ƙasa. Anasaran ga ya san tiya." Saboda ƙafarsa, Salifu ya ɗauke shi daga rami ya sa shi a ɗakin kwano, shi ke jera buhuna, ya ɗinke bakinsu, ya tsare su har mota ta zo. Ya riƙe ɗakin nan kamar masallaci, ko akuya ba ta isa ta leƙa ba.

A can muka ci rani har bazara ta shigo. Abinci shinkafa ce ko tuwon masara da wata miya da har na baro ƙasar ban san ganyenta ba. Leburorin Mosawa ne da Fulani da Gurmawa, in suna dariya ban san ko da ni ake ba, sai in taya su. Abin da na fi kewa ba mutum ba ne, kunya ma nake ji in faɗa, furar hatsi ce da innata ke damawa da rana. Salifu ya lura da mu. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Dori da hatsi ƙulle a leda, ya ajiye gaban Kawu ya ce, "Baba, ga ƙasarku." Kawu ya ɗebo ya daɗe yana shinshinawa. Da yamma Salifu kan kawo rediyonsa mu ji labarin Yamai, soja sun ce kaza, ƴan siyasa sun ce kaza, Kawu ya ce shi dai bai ji wanda ya ambaci hatsi ba.

Wata rana ana hutun zafi, Kawu ya kira ni ɗakin buhuna ya ja ƙyaure. Fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya ɗora mini wani buhu a hannu ya ce in matsa. Na matsa, na ji laushi. Ya kwance bakin, sai ga rairayi wankakke, irin na ƙorama.

"Salihu na," ya ce da ƙaramar murya. "Na daɗe ina jin wasu buhuna ba su yi mani daidai ga hannu ba. Jiya da rana nib bi shi daga nesa. Ƙorama yat tahi, shi ɗai, yac cika su da rairai, yas sa lamba, yak kawo mani yac ce in jera cikin sauran."

Na ajiye buhun. Na ce ko dai dutsen waɗannan lambobin yake ɓoyewa ya kai ramuka ya sayar. Kawu ya ce shi bai ga ya sayar ba, kuma ba zai faɗi abin da bai gani ba, amma rairayi a buhun da aka ce na dutse ne, sunansa ɗaya a duk duniya.

"To mu tambaye shi mana, Kawu."

"Kai wane irin yaro na? Mutum ya ɗauke ka bakin hanya, ya wanke ma ƙahwa da ruwan shanai, sannan ka dube shi cikin ido ka ce mishi ɓarawo? Ko ka kai shi gun Anasara a kore shi? Ɗiyanai hwa?"

"To ƙaƙa za mu yi?"

"Abin da aka yi ma ɗa in ya yi abin kunya. A gyara, a yi kurum. Shi da kainai in ya ga an ruhe, shi ji nauyi shi bari."

A Kurfey haka ake yi, kuma ban ga aibin maganar ba. In ɗan gidanku ya kai hatsi kasuwa da tsakuwa a ciki, babba kan janye buhun gefe ya musanya da nasa, ba ya cewa uffan, yaron kuma in yana da zuciya ba zai ƙara ba. Sai dai wani abu na yi mini yawo a ka. Ɓarawo da rana tsaka? Kuma Salifu bai canza ba, yana nan yana tsokanata kamar kullum, yana kallon kowa cikin ido. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce wanda ya saba da kaya ba ya jin nauyinsa. Na bar maganar, don an rene mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Daga ranar, duk buhun da ya zo da laushi, Kawu sai ya zazzage rairayin a bayan ɗaki. Da ƙafarsa mai ciwo yake ɗingisawa har bakin rami ya tsinto dutsen jijiya. Kuma shi da ke yabon rashin zaɓe, sai ga shi yana zaɓar mai ɗigon nan da aka hana mu taɓawa, wai tunda an cuci kamfani a wannan buhun, gara a biya shi da mai kyau. Ya farfasa, ya cika, ya mayar da lambar, ya ɗinke. A kwanakin ma ƙaunar Salifu ta ƙaru masa, yana yawan ja masa nasiha a fakaice, labarin ma'aunan da suka yi mummunan ƙarshe. Salifu ya saurara ya ce, "Gaskiya ne, Baba," ya ci gaba da shan shayinsa. Kawu sai ya ƙyafta mini ido, wai ka gani, ta fara shiga.

Amsar labo ta dawo ana gab da damina. Abin da na fara gani, Ɗan Guduma ya fito daga tanti fuska jawur, ya shiga mota da kansa ya tafi. Da ya dawo aka tsai da aiki, aka tara mu duka a gaban ɗakin kwano. Salifu na tsaye gefe guda, ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga. Tunda shi ake tuhuma, ba shi zai yi tafinta ba. Wani Bamoshe ya tsaya wa nasu, ni kuma aka turo ni gaba da ɗan guntun Faransancina.

Abin da na iya tsinta daga bakin Ɗan Guduma shi ne, an buɗe wasu buhuna bayan an ɗaure su, an sauya abin da ke ciki. Ya ce wanda ya taɓa buhu ɗaya ya ɓata duka, aikin rani guda ya tashi a banza, don yanzu bai san wanne zai yarda da shi ba. Ya ce mutum ɗaya ne ya san sirrin waɗannan buhunan, ya nuna Salifu. Ya ambaci jandarma. Na juya na faɗa wa Kawu yadda na ji.

"Asiri ya tonu ke nan," in ji Kawu. "Wani buhun rairai ya kuɓuce mani." Kafin in riƙe shi ya ɗingisa ya fito tsakiyar fili, ya gyara zaman hularsa.

"Illa, hwaɗa mishi. Yaron ga ya yi kuskure, amma kamfani bai yi hasara ba. Rairan da yaz zuba, ni nik kwashe shi da hannuna, niz zuba dutsi na gari wanda yah hi na sauran. In guda ya kuɓuce, laihina na. A bar shi shi ci abincinai."

Na fassara, da baki da hannu. Ɗan Guduma ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai ya zauna a kan wani akwati ya dafe kai da hannu biyu. Salifu kuwa ya saki baki yana kallon Kawu, can ya ce, "Baba! Kai ne? Wayyo Baba." Ni na tsaya a tsakiya kamar an dasa ni. Kawu ya fito don ya ceci Salifu, kuma ga alama ya cece shi, don Anasara ya tashi ya kama hannun Salifu yana ba shi haƙuri. Amma wanda ya zuba rairayi ake ba haƙuri, wanda ya kwashe kuma shi ake harara. Na ce a raina ko dai rana ce ta taɓa mini kai.

Ɗan Guduma ya ja Salifu gefe suka daɗe, na ga Salifu na roƙo, shi yana girgiza kai. Sannan ya juyo ga taro ya ɗaga murya. Ya ce dattijon nan ya yi algus a buhunan kamfani, daga yau ba shi ba sansani, kuma kowa ya gani ya ɗauki darasi. Bamoshen ya faɗa wa nasu, aka yi gunaguni, wani ya yi dariya. Saura ni. Kawu na kallona yana jira.

"Mi yac ce?"

"Ya ce aiki ya ƙare, Kawu."

"Ba shi ɗai yac ce ba. Na ga bakinai. Hwaɗi."

Na faɗa masa. Mutumin da aka kora daga ramuka don ya ƙi yin shiru a danne sikeli, yau shi ake kira mai algus a gaban baƙi, kuma da bakina. Kawu ya juya. Ya shiga ɗaki ya naɗe tabarmarmu, ya miƙa wa Salifu allurar ɗinki da zaren da ya rage. Maganar innata ta faɗo mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An ce ni ina iya zama in ci gaba da aiki, ban ko tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Salifu ya kai mu Dori a mota. A hanya ya yi ta bayani. Ya ce rairayin nan umarnin kamfani ne. Su ba sa ganin abin da ake yi a labo, shi ya sa suke cusa buhunan da suka tabbata babu komai a ciki, ba tare da kowa ya sani ba. In labo ya ce babu komai, an san gaskiya yake faɗa, kuma injinsa a wanke yake. In ya ce akwai zinariya a rairayin ƙorama, an kama shi. To sai ga buhunan rairayi sun dawo sun fi kowane buhu zinariya da azurfa. Anasara ya je ya yi wa mutanen labo tas, suka nuna masa ragowar garin, ya ga dutsen jijiya ne. Sai zargi ya dawo kan Salifu, wai yana ƙara zinariya don wurin ya yi kyau a ido.

"Da na sani na faɗa maka tun farko, Baba. Hana ni aka yi."

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya dafa masa kafaɗa. "Kak ka wahal da kanka, ɗana. Ba sai ka yi mani wani zance ba. Na ruhe, Allah shi ruhe. Kai dai ka bari."

"Baba, wallahi ba..."

"Na ce ya wuce."

Salifu ya dube ni ta madubin mota, idonsa ya kawo ruwa, kamar yana cewa har da kai? Na sunkuyar da kai, don a lokacin ni ma rabi na gane. A tasha ya haɗa mu da direban da ya sani, ya roƙe shi ya yi wa Kawu magana a iyaka saboda kati. Ban sake ganinsa ba.

Sai bayan mun wuce Tera maganar ta zauna mini. Na gwada Kawu ta inda ya sani. Na ce, a ce wani ya auna hatsinsa a gida, sannan ya kawo maka kamar bai san awonsa ba, don ya ga ko za ka rage. Ai abin da aka yi wa labo ke nan.

"Wanda duk yay yi mani hakanan ya zage ni," in ji Kawu. "In ba ka yarda da ma'auni ba, sake kasuwa. Kai Illa, ina ka taɓa jin an gwada gaskiya da ƙarya? Ka sa lambar dutsi bisa buhun rairai, ka ce don a kama maƙaryaci na? To wa yah hwara ƙarya?"

Na juya ina kallon hanya. In na tuna fuskar Salifu sai in ga shi ke da gaskiya. In na dubi Kawu zaune da tabarma a cinya sai in ga shi ke da ita. Haka na yi ta jujjuyawa har muka haye kogi, har Yamai, har Baleyara, ga kuma tsoron abin da zan faɗa wa innata. Na shirya ƙarya iri-iri, ciwon ƙafa, ƙarewar aiki, zuwan damina.

Ban samu na yi ko ɗaya ba. Ranar kasuwar farko Kawu ya zauna a tsohon wurinsa ya ba da labarin da bakinsa, bai rage komai ba, har kalmar da aka kira shi da ita. Kafin la'asar magana ta zaga Filingue, wai Anasara sun kori Arzika don ya ƙi barin rairayi a buhu. Mutane suka yi ta zuwa suna yi masa barka. Innata ta sa mini albarka, ta ce na cika alkawari. Sunan Kawu ya ƙara nisa, har daga Tondikandia ake kawo masa rikicin awo. Sunan Salifu kuma ya shiga bakin ƴan kasuwa, in an kama wani da tsakuwa a hatsi sai a ce ya yi na Salihu. Sau ɗaya na tashi in kare shi a majalisa, na fara bayanin labo da inji, aka bushe da dariya, aka ce ga wanda lakwal ta ɓata. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, don mutumin bai yi mana komai ba sai alheri.

Soja suka koma bariki, aka yi zaɓe, aka yi damina mai kyau da marar kyau. Kawu ya tsufa, ido ya tafi, ya bar kasuwa. Wata la'asar a cikin ciwonsa na ƙarshe ina zaune kusa da shi a rumfar gida, sai ya lalubo hannuna.

"Illa, yaron nan na Dori. Ban taɓa sallah ban sa shi cikin addu'a ba. Kana jin ya bar zuba rairai?"

Na san in Salifu na raye kuma yana wannan aikin, to yana zubawa, kuma dole ne ya zuba. Bayanin duk yana bakina, na ma fi iya shi yanzu. Na dubi hannun da ke riƙe da nawa, ya zama ƙashi da fata.

"Ya bari, Kawu."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya saki numfashi. "To tahiyarmu ba ta zam banza ba."